Hotunan da Ba Ki Gani Ba, Malama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, mijinki ya kira ni ya ce, "Malamarku ta cika." Ina tsaye a ofishinmu na binciken taurari, na rasa inda zan zauna.

Shekara goma sha ɗaya muna aiki tebur da tebur. Ranar da na fara zuwa, kika nuna mini hoton wani gungun taurari mai murɗiya kamar bayan katantanwa, yana jan doguwar jela. Kika ce, "Ya kutsa cikin iska mai tsananin zafi da ke tsakanin gungu da gungu, tana kwashe masa gas ɗin da sababbin taurari ke samuwa daga gare shi. Zai ci gaba da haske, amma haihuwa ta ƙare."

Ban manta shekarar da na tafka kuskure a lissafin zafin iskar nan ba, saura kaɗan takardar bincikenmu ta fita da shi. Kin gano, ba ki faɗa wa kowa ba. Kika ɗora fensir a kan layin kika ce, "Ƙanina, duba mini nan, idona ya gaji." Na san idonki bai gaji ba.

Shekara uku kina neman a juya babbar na'urar hangen nesa zuwa wani gungu da kike zargin yana da irin wannan jela. Manyan masana suka ce ɓata lokaci ne. Daga ƙarshe aka amince, amma ciwo ya riga ya kwantar da ke. A asibiti, numfashi na yi miki wuya, kika tambaye ni, "Hotunan sun iso?" Na ce tukuna.

Sun iso ranar Juma'a, kwana uku bayan rasuwarki. Ni kaɗai na buɗe su. Jelar tana nan daidai inda kika ce, har ta fi tsawon da kika zata. Na juya in gaya miki. Har yau nakan juya. Rigar sanyinki na rataye a bayan kujera, ba wanda ya iya taɓa ta. Mai shara ta ce wani lokaci takan ji kamar kina gyaran murya, sai ta yi sallama.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki, da 'ya'yanki biyu, da mahaifiyarki da ke ta tambayata ko kin gama aikinki. Na ce mata kin gama.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki. Mu kuma Ya ba mu haƙurin zama a ɗakin nan.