Komawa Ɗaki da Ƙugun Ƙarfe

Ina da shekara ashirin da huɗu aka cire mini kan ƙashin ƙugu na hagu aka sa ƙarfe. Sikila ce ta cinye shi. Kafin aikin na yi shekara biyu ina jan ƙafa, har ta kai ko mijina ya matso kusa da ni sai na cije leɓe. Da kansa ya daina matsowa.

Ranar da za a sallame mu daga asibiti a Sakkwato, likita ya jero mini dokoki, na rubuta a bayan takardar magani. Kada in tsuguna. Kada in harɗe ƙafafu, kada in juya tafin ƙafa ciki, kada gwiwa ta zo kusa da ƙirji. Sallah ma a kan kujera. Ya ce in na karya ɗaya, ƙarfen na iya gocewa daga gurbinsa, kuma wannan ba aikin maɗori ba ne, sai an dawo da ni an sa ni barci an ja shi. Akwai tambaya ɗaya a bakina, amma Inna na zaune gefena da kwanuka a cinya. Ni da ake cewa ba a haife ni da kunya ba, na haɗiye ta.

Wata uku na yi jinya a gidanmu a Yelwa. Na ajiye sanda ɗaya, na ajiye ta biyu, aka fara maganar komawa ɗakina a Wara. Daga nan abinci ya daina shiga. Da na rufe ido sai in gan ni kwance a ɗakina na Wara ina ihu, matan gidan sun baro bandar kifi da gudu, an lulluɓe ni da zane an fito da ni tsakar gida, uwar mijina na tambayar garin yaya. Sannan awoyi a mota kan ramuka. Sannan a ce aikin ya lalace, in koma jan ƙafa.

Ana jibi tafiya Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo da kayan gyara kamar za a kai amarya. Tsumi na sha, gumba na ci, ban yi musu ba. Sai ta zuba garwashi a kasko, ta dire shi a ƙasa, ta barbaɗa turare.

"Taso ki tsuguna tun bai huce ba."

"Gwaggo, ba ni tsuguno."

"Wace irin mace ce ba ta tsuguno?"

"Irin wadda aka sa wa ƙarfe."

"To ke da ba ki iya tsuguno bisa kasko, can mi za ki iya? Kallo nai za ki yi?"

Tana dariya ta dafa kafaɗata ta danna, da wasa. Na ji gwiwata ta fara lanƙwashewa. Ihun da na kurma har Inna ta yar da muciya ta shigo. Babu abin da ya goce. Amma na fi rabin awa riƙe da bango, Gwaggo na ta rantsuwa ba ta sani ba.

Washegari na zagaya bayan gida na kira matar da ke koya mini motsa ƙafar a asibiti ta waya. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Malama, ina da miji, gobe zan koma. Yaya zan yi?"

"Sai yau kika ga damar tambaya?"

Ta ce lokaci ya yi, naman ya kama. In kwanta rigingine a gado mai tudu, ba katifa a ƙasa ba. In sa filo ya tare ƙafar kada ta faɗa ciki, gwiwa ta tsaya nesa da ƙirji, kada ya ɗora mini nauyi a hagu. In ya goce zan sani, don zafin ba ya ɓuya, ƙafar kuma za ta gajarce. "Ki faɗa masa da bakinki tun kafin a fara," in ji ta, "ba a tsakiya ba."

Mijina masunci ne. Da la'asar yake shiga ruwa, sai hantsi ya dawo, don haka zamanmu na rana ne, lokacin da gidan ya watse bakin ruwa. Na tarar ya ɗaga gadon da bulo. Amma kwana huɗu in ya dawo sai ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ya ba ni baya. Ran na biyar na taka gefen tabarmar kafin ya warware ta.

"Kai, ni jinya na zo ci gaba da yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ga hoton ƙashin. Na ɗaga shi a rana na gani da idona. In na karya ki, mi zan ce wa Innarki?"

Ashe mu biyu ne ke tsoro. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, ni da nake fata ɗayanmu ya zama mai ƙarfin hali. Na zaunar da shi na faɗa masa komai, ya maimaita yana ƙirgawa da yatsu. Da ya gama sai ya ce, "Hagunki ko haguna?"

"Wadda ke da tabo! Makaho ne kai?"

Ba zan yi ƙarya in ce na ji daɗin ranar ba. Hankalina duk yana cikin ƙuguna, ina saurare. Yana tambaya da zafi, ina cewa babu, ya sake tambaya, har na ce ya rufe mini baki. Can sai wani abu ya yi ƙas. Ban ga saukarsa ba, sai dai na gan shi tsaye jikin ƙofa yana salati. Na jira zafin. Na motsa yatsun ƙafa, suka motsa. Na ja diddige kaɗan, ta biyo.

"Zo ka haɗa ƙafafuna ka gani."

Ya durƙusa a ƙarshen gado, ya jera dugaduganna, hannunsa sanyi ƙalau. "Daidai suke."

"Sake dubawa."

Ya sake. Har yau ban san ko katakon gado ne ko ƙarfen ba. Ya kama ni na miƙe, na taka zuwa randa na dawo, ƙafar ta ɗauke ni. Na zauna bakin gado, sai kuka ya zo mini, irin wanda ban yi ba ko ranar aikin.

Ya ce, "Mu bari sai bayan wata guda."

Na san in muka bari wata guda, shekara za mu yi. Na share fuska da gefen zane.

"Jibi," na ce.