Daren da Baffa Garba Ya Sauka Kwata

Shekaruna saba'in da tara a bana, abin da zan ba da labarinsa kuwa ya kusa shekara saba'in da aukuwa, a gidanmu na bakin kogin Kwara, tsakanin Bagudo da Lolo, tun ƙasar Benin tana amsa sunan Dahome.

Mu masunta ne tun kaka da kakanni, muna kuma da al'ada. In mutum ya tafi a jirgi duhu ya rufe bai komo ba, ba a ƙwala masa kira, domin ba a jefa sunan ɗan Adam bisa ruwa da dare. Namiji na jininsa shi ke sauka kwata, inda ake ɗaure jirage, ya hura wuta, ya riƙa buga filafili a jikin kifaffen jirgi har ɓataccen ya ji ya biyo sauti. Mace ba ta bugawa, baƙo ba ya bugawa.

Ran nan mahaifina ya kai bandar kifi kasuwar Lolo. Ruwa ya cika, hadari ya taso da la'asar, aka yi isha'i ba shi ba labarinsa. Mazan unguwa duk suna can nesa wurin kamun kifi. Namijin jininsa da ya rage a gida, ban da mu yara, shi ne ƙanensa, Baffa Garba.

Baffa ya yi yaƙin Bama, ya zauna ƙasar Hindu, ya komo da ƙafafunsa da hannuwansa lafiya, amma da tsoron duhu. Daga magariba ba ya ƙetare zaure. Wurin zamansa gefen wutar kakarmu Hajo, a cikinmu yara. Ko kalmar dare ba ya furtawa, sai ya ce, "Rat ya yi," yadda ya ji a bakin sojojin can, mu kuwa mu yi ta dariya.

Mahaifiyata ta tsaya bakin ɗaki tana murza gefen zanenta. Kunya ta hana ta roƙi ƙanen miji, kowa kuwa ya san amsar da zai bayar. Kaka ta gyara itace, ta ce, "Ku matso, ga wata nan tafe gare ku." Muka amsa, murya ba ƙarfi.

Ta ce wai Dare makiyayi ne mai baƙaƙen shanu, kowace yamma yana koro su su cika hanyoyi. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya ce, "Ka san ni?" Bahaushe ya ce, "Kai ne Dare." Bafillace ya ce, "Kai ne Jemma." Sai ya ce, "Wannan ko jinjirin garinku ya sani. Koma." Rannan wani maharbi da wansa ya ɓace ya zo. Ya ce, "Na san ka tun bayan teku. A garkenka na kwana, shanunka suka tattake abokaina ina gani. Can ana kiranka da..."

Kaka ta dafe goshi. "Kai, tsufa. Sunan ya ɓace mini."

"Kaka, sai mi?" in ji yayata Kulu.

"Sai mi kuwa, matar maigidana? In ba suna, shanu ba su kaucewa. Wan maharbi shi kwan cikin ruwa ke nan."

Ba mu taɓa jin tatsuniya ta tsaya a tsakiya ba. Iska tana kaɗa dannin gida, Kwara tana ruri a bayanmu. Na dubi Baffa, na ga zufa a goshinsa alhali ana sanyi.

"Rat," in ji shi, can ƙasa.

"Madalla. Da maharbi ya faɗi haka, Dare ya ji nauyin tsohon baƙonsa, ya kore shanunsa gefe."

"Inna, wagga tatsuniya ba ki taɓa yin ta ba."

"Ban taɓa bukatarta ba, Garba."

Baffa ya miƙe. Sa'an nan ya zari bakin wuta guda, ya ɗauki filafilin da ke jingine a zaure, ya fita. Muka kasa kunne. Bugun farko ya zo a rarrabe, kamar na mai zazzaɓi, ya ɗauke. Sai ya sake tashi, ya daidaita, bai ƙara tsayawa ba. Itacen Kaka ya kusa cinyewa kafin muka ji wani bugu siriri yana amsawa daga wajen Dahome. Iska ce ta tura jirgin mahaifina cikin ciyawar burgu a gaɓar can, ya rasa gabas da yamma. Sautin nan ya biyo har gida.

Baffa bai warke ba. Kashegari ya koma mazauninsa gefen wuta, har ya rasu bai ƙara fita da dare ba.

Na girma ina ɗaukar kalmar nan tamkar wani asiri. Sai da na manyanta wani likita mutumin Pakistan ya shaida mini cewa a Urdu, da Hindi, da Punjabi, da Bengali, rat shi ne dare kawai, kalmar da uwa ke faɗa wa ɗanta in za ta kwantar da shi. Na ji ba daɗi da fari. Daga baya na fahimta: Kaka ba ta nemi asiri ba. Abin da muke yi wa ɗanta dariya a kansa, shi ta mayar abin da babu mai shi a gidan sai shi.

A yau jikokina a babur suke ƙetare iyaka. In sun yi dare, waya ta ƙi shiga, nakan zauna a zaure hannuna yana neman abin bugawa, babu.

Wanda ke shakkar zancena ya tafi Zagga ya tambayi yayata Kulu, tana raye, hankalinta garau. Ita ce ta riƙe wa Baffa kwaryar ruwa da ya komo, domin hannunsa ya kasa kai ta baki.