Mama Salomi da Wasiƙar da Ta Ƙi Bugawa

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Mama Salomi Dzarma ta riga ta iso daga Bulabulin a ƙafa, jakarta a hammata. Sai ta buɗe ɗan ofishin nan da ke manne da na shugaban makaranta, ta yaye ƙyallen da take rufe tafireta da shi, ta sunkuyar da kai ta yi gajeriyar addu'a, sannan ta zura takarda. Daga nan har a tashi, ƙarar bugunta ce ke gaya wa kowa cewa makaranta na raye. In lokacin jarrabawa ne, za ka same ta tsaye a kan injin gurza takardu tana juya hannunsa, tawada har gwiwar hannu. Haka ta yi shekara ashirin da huɗu a makarantar 'yan matan da nake koyarwa a nan Maiduguri, daga 1973 da ta zo daga Biu har zuwa watan jiya da idanu suka ce ta huta.

Babu takardar shaidar da ta fita daga makarantar nan ba ta bi ta yatsunta ba, amma babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunanta. Shi ya sa nake wannan rubutu. Kuma zan faɗi abin da na gani da idona, duk da cewa ni ne mai laifi a cikin labarin.

A 1979 ina sabon malami, ina koyar da labarin ƙasa a aji ɗaya. A lokacin dokar makaranta ta hana kowane yare sai Turanci. A jarrabawar zango na biyu na tarar da amsoshin yara biyu da ke zaune kusa da juna sun zo iri ɗaya, kalma bayan kalma. Ɗaya 'yar gari ce mai kaifin baki. Ɗayar kuwa Gumsu ce, 'yar Kanuri daga wani ƙauye a wajen Monguno, wadda ko watanni shida ba ta yi da fara jin Turanci sosai ba. Na kira su gaban shugaban makaranta, Malam Ya'akubu, na tambaye su da Turanci ko sun yi kwafi. 'Yar garin ta rantse ba ta yi ba. Gumsu ta dube ni, ta ce e, ta yi. Na sake tambaya, ta sake cewa e, har da ɗan murmushi.

Murmushin nan ne ya fi ɓata mini rai. Malam Ya'akubu ya rubuta wasiƙar kora da hannunsa, ya miƙa wa Mama Salomi ta buga. Kowa ya san in Gumsu ta koma ƙauye da irin wannan takarda, mahaifinta ba zai sake turo wata 'ya tasa boko ba, haka ma maƙwabtansa.

Mama Salomi ta zura takarda, ta buga kwanan wata, sai ta tsaya. Ta leƙa ta taga, ta ga yarinyar a tsaye a baranda ba ta ma san abin da ake ciki ba. Ta yafito ta.

"Wushe, fero," ta gaishe ta da Kanuri, sannan ta koma Hausa. "Zo nan, 'yata. Da malam ya ce kin yi kwafi, me kika ji ya ce?"

"Rubutun allo, Mama. Kullum in ya gama rubutu yana cewa mu yi kwafi. Ni ban taɓa barin ko layi ɗaya ba."

"To a ɗakin jarrabawa fa? Kin leƙa takardar wata?"

Gumsu ta dafe ƙirji. "Wallahi ban leƙa ba! Ai na haddace."

Mama Salomi ta zare takardar daga tafireta, ta shiga ofishin shugaba da ita a hannu. Ina ciki a lokacin.

"Ranka ya daɗe, wannan ba zan iya buga ta ba tukuna."

Malam Ya'akubu ya cire tabarau. "Madam, aikinki bugawa ne. Hukunci nawa ne."

"Haka ne, ranka ya daɗe. In ka saurari yarinyar da Hausa minti biyar, ka ce in buga, zan buga. Amma da safe malam ya ce mata ta yi kwafi, ta yi, aka yaba mata. Da rana ya tambaye ta ko ta yi kwafi, ta ce e, za a kore ta. Kalma ɗaya ce. Wa ya taɓa gaya mata tana da fuska biyu?"

Ba ƙaramin abu ta yi ba. Ita ce mafi ƙanƙantar ma'aikata a ofishin, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ga 'ya'ya uku. Takardar gargaɗi ɗaya ta isa a tura ta wata makaranta a bakin iyaka. Malam Ya'akubu ya mayar da tabaraunsa, sannan ya ce a shigo da yaran.

Aka ce Gumsu ta faɗi abin da ta sani game da Tafkin Chadi. Ta rufe ido, ta soma karanto darasina tun daga farko, tana ɗan rausayar da kai kamar yadda ta saba a makarantar allo. Har kuskuren da na yi a kan allo na sunan wani kogi, ta kawo shi yadda na rubuta. Da aka juya kan ɗayar yarinyar, ta yi layi biyu ta tsaya, sai kuka. Ita ce ta leƙa. Ita ma yarinyar, Mama Salomi ta roƙa mata, aka bar ta da sake jarrabawa.

Da wani ne, da ya tsaya nan. Mama Salomi ba ta tsaya ba. Ta ari ƙamus daga ɗakin karatu, ta yi kusan mako biyu tana bin kalmar. Ta tambayi Ikemefuna mai shagon kayan rubutu a Kasuwar Monday, ya ce a wurinsu in an ce abu kwafi ne, to jabu ne, ba na asali ba. Ta tambayi wani alaramma a Fezzan da ke rubuta Alƙur'ani da hannu, ya ce su juyi suke cewa, kuma aiki ne na daraja. Sai ta zauna ta buga shafi guda. A sama ta sa kalmar da Turanci, a ƙasa ta bi ma'anoninta da Hausa, kowace da misalinta daga rayuwar yaran. Juya rubutu daga allo zuwa littafi, wannan umarni ne, ki yi. Satar amsa, wannan laifi ne. Kwaikwayo, kamar yadda kuke kwaikwayon tafiyar malamar lissafi in ta ba da baya. Koyi, kamar ki ga hali mai kyau ki ɗauka. Ta ƙara da cewa in an ce a kawo kwafi uku na jarida, guda uku ake nufi, babu wanda zai zauna ya rubuta. A ƙarshen shafin ta sa layi ɗaya: in ba ki gane wanne ake nufi ba, ki tambaya.

Ta kawo mini in duba mata Turancin. Ban sami abin gyara ba, sai kunya. Tun daga shekarar, duk yarinyar da ta shigo aji ɗaya tana samun shafin nan a makon farko. Daga baya ta yi wa wasu kalmomin masu ruɗa yara irin wannan hidima, har suka kai shafi goma sha ɗaya. Malaman wasu makarantu sukan aiko a gurza musu. Babu wanda ya sa ta, babu kuma wanda ya taɓa ambaton haka a taron iyaye.

Mama Salomi, ke ce kika san cewa a bayan kowace takarda akwai ɗan wani. Mu da muka yi kwaleji muna ta alfahari da Turanci, ke ce kika koya mana cewa amsar mutum ba ta da amfani sai ya fahimci tambayar. Uwar ofis, mai hannu da tawada, zuciya fes.

Ranar walimar sallamarta, matan zumunta na cocinsu suka zo da waƙa, tsofaffin ɗalibai suka cika zauren. Cikinsu har da Gumsu, wadda yanzu tafinta ce a wata kotu, tana juya magana tsakanin Kanuri da Hausa da Turanci. Ina ganinta na nemi kujerar baya. Shekara goma sha takwas ke nan ban taɓa ce mata komai a kan abin da ya faru ba. Mama Salomi ta hango ni, ta taso a hankali, ta kama hannun rigata, ta ja ni har gaban Gumsu.

"Malam Abdulsalami, ga ɗalibarka. Ina jin kana da magana."

Na ce, "Gumsu, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta ce, "Malam, na daɗe da yafewa. Amma na ji daɗi da na ji daga bakinka."

Mama Salomi ta saki rigata, ta koma kujerarta.

Mun gode, Mama. Allah ya ba ki lafiyar ido, ya raya miki zuriya, ya sa ki ci moriyar hutunki. Ku kuma da ke zaune a bayan tebura a ofisoshi da asibitoci da makarantu, wata rana takarda za ta zo gabanku wadda za ta juya rayuwar wani. Kafin ku sa mata hannu, ku leƙa waje. Mai yiwuwa mai ita na tsaye a baranda, bai san abin da aka ce ya amsa ba.