Kuregen da Barau Ya Bar wa Shirwa

A ƙauyen da ke gindin duwatsu, kudu da Garu, har Barau ya tsufa ba wanda ya taɓa ganinsa babu wuƙa ɗaure a damtse. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa suna. Masu baki suna cewa ko wanka zai yi sai ya rataye ta inda idonsa zai kai. Dariya suke yi, amma yawancinsu ba a haife su ba lokacin da abin ya faru, shi ya sa dariyar take zo musu da sauƙi.

Barau ba maharbi ba ne, ba kuma ɗan maharbi ba. Manomi ne mai ƙarfin wuya, kuma wuyan nan ne ya ja masa. Da Turawa suka fara yawon awon gonaki, aka tara majiya ƙarfi su ɗauki kayan wani Bature, Barau ya faɗo a ciki. Ya yi rani guda yana bin mutumin nan da akwati a ka. Daga baya zazzaɓi ya kwantar da Baturen, aka ɗauke shi zuwa Kano, da za su rabu ya miƙa wa Barau wata 'yar bindiga da yake harbin kurciya da ita, haɗe da gwangwanin ƙwayoyin dalma. Bindigar iska ce, ba ta cin albarushi. Karya ta ake yi a gwiwa, a sa ƙwaya ɗaya, a mayar. Barau ya kawo ta gida ya soke a jinkar ɗaki. In baƙi sun zo ya sauko da ita a shafa, a ce kai, sannan ya mayar. Ko sau ɗaya bai harba ta ba.

Sai damina ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba. Mutane suka cinye awakinsu, suka koma tafasa da ƙwallon goruba, suka tone gidajen tururuwa suna neman hatsi. Maharban gari suka share dawa har ba a jin kukan fakara, sannan su ma suka bi hanya. Abin da ya rage mai nama a jika shi ne kurege, don shi a tsagar dutse yake kwana, inda fartanya ba ta shiga.

A cikin wannan hali matarsa Maijidda ta haihu, jaririn bai zo da rai ba. 'Yar malamai ce daga Jahun, mai kunya, ba ta iya roƙo ba. Ta kwanta ba ta ƙara tashi da ƙarfinta ba, kunun dusa ma in ta sha sai ya dawo. Wata safiya yana gyara mata tabarma ta yi magana, kanta a sunkuye.

"Malam, da zan samu ɗan romo, ko cokali ɗaya ne, ina jin zai zauna."

Tun aurensu wannan ne abu na farko da ta nema a wurinsa. Ya miƙe ya zaro bindigar daga jinka.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Barau ba shi da wata ranar. Ya hau dutse da farar riga, yana tafe duwatsu na gangarawa a bayansa, kowane kurege na yankin ya san da zuwansa. In ya hango ɗaya sai ya tashi tsaye, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya runtse ido biyu ya fizgi kunamar. Kurege ya miƙe kan ƙafafun baya, ya dube shi, ya kaɗa jela ya shige. Haka kullum. Sannu a hankali yunwa ta koya masa abin da ba wanda zai koya masa. Ya tuɓe rigar, ya daina tsayuwa, ya iya kwanciya rub da ciki a bayan dutse tun hantsi har rana ta ƙona masa baya. Ya gane bindigar ba ta kai nesa, sai dabba ta matso. Don ta matso ya buɗe tulun irin gyaɗar da suka liƙe da laka saboda shuka, yana ɗiba yana watsawa a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Kuregu suka yi ta cin irinsa suna ƙiba, ƙwayoyin dalma suna raguwa a gwangwani.

Da farko da wuƙa yake fita, don ya san ƙa'ida, in ka harbi dabba ka same ta da rai sai ka yanka. Da dusa ta ƙare a gida ya ba da wuƙar aka ba shi 'yar dusa a ƙoƙo. Bai damu ba. Mutumin da bai taɓa samun komai ba, me zai yanka?

Ran da abin ya faru ya baro Maijidda numfashinta sama-sama. Ya kwanta a inda ya saba, jiri na ɗibarsa. Wani ƙaton kurege ya fito ya zauna daf da shi, ya ɗauki gyaɗa da hannu biyu yana ɓarewa a natse. Zuciya ta ciyo Barau. Maimakon bisimilla, ashar ne ya fito daga bakinsa, ya danna. Kuregen ya faɗi a wurin, ko shurawa bai yi ba.

Ya rarrafa ya ɗauke shi. Da ɗuminsa, da nauyinsa, dalmar ta shiga ta bayan kunne. Murna ta kama shi. Sai ya laluba damtse ya ji ba wuƙa, sai kuma ya tuna abin da bakinsa ya furta. Bai ambaci sunan Allah ba, bai yanka ba. Ɗan karatun da ya yi yana yaro ya tsaya masa a rai, wannan mushe ne. Ya daɗe zaune da shi a cinya. Shi da kansa zai iya ci ya tuba. Amma ita, 'yar malam, wadda ƙila tana bakin hanya, ya cika mata ciki da haram ta je ta tarar da Ubangijinta? Son da yake mata ne ya yanke hukuncin. Ya ɗora kuregen a kan fa ya juya baya. Bai gama sauka ba ya ga shirwa ta sure shi.

Da ya shiga ɗaki ta dubi hannunsa ta ce, "Yau ma?"

Ya ce, "Yau ma."

Ta ce ba komai, Allah ya kai mu gobe. Ya koma dutse gobe da jibi, ya harbe sauran dalmar a banza. Kafin ruwan farko ya sauka aka kai ta makwancinta.

Mahaifinta, Malam Ashafa, ya tako da ƙafa daga Jahun, ya iso bayan an binne. Suna zaune a zaure Barau ya ba shi labarin kuregen, yana neman abin da zai riƙe zuciyarsa da shi, cewa ko ba komai ta tafi da cikinta tsarkakakke. Tsohon ya dube shi ya ce:

"Barau, wanda yunwa za ta kashe, Allah ya halatta masa mushe. Da ka kawo mata."

Bai faɗa da faɗa ba, kuma bai ƙara komai a kai ba. Wataƙila romon ba zai tashe ta ba, kowa ya gaya wa Barau haka, shi ma ya sani. Amma abu ɗaya ta roƙa, ya riƙe shi a hannu da ɗuminsa, ya ba tsuntsu.

Bindigar ta koma jinka ta yi tsatsa. Da aka samu damina, abin da ya fara saya wuƙa ce. Ya koyi ɗana tarko a bakin tsagar dutse, ya ƙware har ba na biyunsa. Duk gidan da ya ji mace ta kwanta bayan haihuwa, da hantsi za a ji sallamarsa a ƙofa, ya miƙa kurege yankakke, fiɗaɗɗe, ya juya kafin a yi godiya. Shi kansa bai ƙara sa naman a baki ba.