Ranar da Na Tsaya a Tsakiyar Tseren Babura

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan, amma ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Zawaciki

Ranar Asabar surukata ta raɗa mini cewa ɗana Sabo, makanike a kamfanin fata, zai shiga tseren babur washegari. Magidanci mai 'ya'ya huɗu! Na san abin da babur ya yi wa 'ya'yan mutane. Na rantse sai na hana shi, ko da zan kwanta a gaban taya. Shida saura kwata, bayan na idar da asuba, na ɗau sandata. Adaidaita sahu zuwa kamfaninsu, ɗari biyar.

Challawa

Bakwai da minti goma warin jimar fata ya tarbe ni. Maigadi, wani dattijo ɗan Filato mai suna Bitrus, ya jawo mini benci.

"Mama, yau Lahadi, ni ma coci zan wuce. Sabo yana Sharada wajen mai walda."

"Babur ɗin ƙato ne?"

Ya yi ta dariya har da riƙe ƙofa. Na ce a raina, furfura dai ba nutsuwa.

Sharada

Takwas da rabi na karya da koko da ƙosai, ɗari uku. Mai walda ya ce Sabo ya tafi Bompai.

"Hajiya, a buhu ya zura babur ɗin ya saɓa a kafaɗa."

Babur a buhu! Na ɗau sandata na yi gaba. Ba na biye wa masu yi wa tsofaffi ba'a.

Bompai

Cunkoso ya riƙe mu, sai goma daidai direba ya sauke ni a fili bayan wani kamfani. An jera tsofaffin tayoyi layi biyu. Na ce Allah ya yi musu albarka, sun ware wa masu ƙafa hanya. Na bi tsakiya.

Idona ba kamar da ba ne. Na ji ƙara kamar injin markaɗe goma, sai ga maza tara tafe, kowa a tsugune, gwiwa a kunne, kai a sunkuye. Na ce ashe tarbiyya ba ta ƙare ba, tun daga nesa sun durƙusa gaishe ni. Na tsaya, na gyara mayafi, na ɗaga hannu.

"Lafiya lau, samari. Ya iyali?"

Jama'a na ta ihu, "Iya, fita! Fita!"

Na gabansu ya damƙe birki, ya tsaya dab da zanina, ya cire hular kwano. Sabo ne. Abin da ke ƙarƙashinsa bai fi ɗan akuya ba. Sauran takwas suka wuce ta gefena, fuu.

"Inna, ina kwana."

"Sabo, wannan ne babur ɗin?"

"Shi ne, Inna. Ni ne a gaba, zagayen ƙarshe."

"To, me kake jira? Bi su mana!"

"Ai sun gama, Inna."

Gida

Azahar muka iso Zawaciki, alhamdu lillahi, ba wanda ya ƙuje ko yatsa. Wanda ya ci, wani Luka ɗan Kafanchan, ya zo har gida da lemo ya yi mini godiya. Sabo ya yi kwana uku ba ya haɗa ido da ni, sannan ya koma atisaye da izinina. Masu tsere sun ɗaura igiya a bakin fili.

Ni kuwa, yanzu in mutum ya tsuguna a gabana, sai na leƙa ƙarƙashinsa kafin in amsa.