Wayar Da Ta Ƙare A Bakin Kanal

Unguwarmu tsibiri ce, ko da yake ba wanda ke kiranta haka. Tun da aka haƙa hanyoyin ruwan noman rani tsakanin Kura da Bunkure, kanal ya kewaye mu ta ko'ina, sai wata 'yar gada muke bi mu shiga gari. A gindin gadar nan, ta ɓangarenmu, mahaifina ya kafa injinsa na casar shinkafa, tsohon inji mai shan dizal da yawan tari. Da shi ya ciyar da mu, da shi ya yi mini aure.

A shekarun tamanin, lokacin da dizal ya fara wuyar samu, aka ce za a kawo wa garin lantarki. Ma'aikata suka zo daga birni suka yi awo, suka ce layi zai miƙe sak daga titi, ya ratsa gari, ya haye gada, ya ƙare a wurinmu. Babbansu da hannunsa ya kafa turke a ƙofar rumfar Baba, ya ce nan falwaya ta ƙarshe za ta tsaya. Baba mutum ne da idan an faɗa masa magana yake ɗaukarta magana. Ya sayar wa wani dillalin tumatir na cikin gari tsohon injin, ya sayo sabo mai aiki da wuta, ya lulluɓe shi da tamfol, ya zauna jira.

Abin da ma'aikatan ba su sa a lissafi ba shi ne halin mutanenmu. A garinmu, duk abin da gwamnati ta kawo, ba a tambayar amfaninsa, sai dai a ƙofar wa ya tsaya. Ranar da aka sauke falwayoyi, kafin la'asar kaji sun fara tafiya masaukin baƙi. Mai unguwa ya aika da zakaru. Dillalin nan ya aika da rago sukutum. Wani ya ce kakansa ne ya sari garin, don haka ba za a wuce gidansa ba. Su kuwa ma'aikata suka ci suka suɗe hannu, kowa ya kawo sai a karkato masa da layi. Waya ta shiga lungu ta fita lungu kamar akuya mai neman dusa. Har yau ina tuna yadda dattawa masu furfura suke tsayawa suna shafa falwaya suna washe baki.

Na ce wa Baba mu ma mu kai wani abu tun da wuri. Ya dube ni ya ce, "Ai ga turkensu nan. Me kuma zan saya, bayan sun riga sun ba ni?"

Wayar da aka ba ma'aikatan ta miƙaƙƙen layi ce, ba ta yawon gidajen manya ba. A bakin kanal ta ƙare, daga can tsallake, inda ko yaro ya jefa hoge daga rumfarmu zai sami falwayar. Suka naɗe kayansu, suka ce sai kasafin baɗi. Ranar kunna wuta aka yi ta kiɗa da guɗa a cikin gari, ba wanda ya ko waiwayo mu.

Kaka ta zo, mata suka riƙa wucewa ta gaban rumfarmu da buhunan shinkafa a ka, suna gaishe da Baba suna sunkuyar da ido, su haye gada zuwa gidan dillali. Can tsohon injinmu yake ta tari, ga ƙwan lantarki a kunne tsakar rana a kan garken tumakinsa, don kawai a gani. Da tura ta kai bango, Baba ya je ya nemi aiki a wurinsa. Kullum da safe sai ya haye gada, ya wuce ta gindin falwayar nan, ya je ya tayar wa wani injin da a da nasa ne.

Wata rana takaici ya ishe ni, na kama turken zan tumɓuke in jefa a ruwa. Baba ya riƙe mini hannu, duk tafinsa baƙin mai, ya ce, "Bar shi, ɗana. In sun dawo, da me za su gane wurin?"