Muƙamuƙin Inna

Innarmu ba ta yarda da kowa ba, kuma ba ta ɓoyewa. Duk shekarun da ta yi tana guga a ɗakin wanki na wani otal, ko kofin ruwanta ba ta bari a buɗe. Ka gaishe ta da fara'a fiye da kima, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Me kake so?"

Da ɓarin jikin Baba ya shanye, ta ajiye aiki ta koma jinya. Ita ce ɗagawa, ita ce juyawa, ita ce wanka da ba da abinci a baki. Na kawo mata mai taimako, ta sallame ta, wai idonta ya cika yawo a ɗaki. Dangi kuwa sai yabo suke, wai haƙuri sai Inna. Ita dai murmushi take, baki a rufe.

Ashe a cikin rufaffen bakin nan ɓarna ake yi. Taune haƙoranta take, ko gyangyaɗin rana ta yi kana jin ƙaras-ƙaras kamar ana niƙa tsakuwa. Turamen haƙoranta biyu suka tsage aka cire. Likitan haƙori ya ba ta robar sawa a baki, ta huda ta. Sai ya faɗa mata gaskiya: in ba ta daina ba sauran ma tafiya za su yi, kuma ciwon ba a baki yake ba, damuwa ce. Ya tura ta wurin wani mai magani da magana, wanda ke kwantar da mutum tsakanin barci da farke har jiki ya saki.

"Wato in rufe ido gaban baƙo ya kwashe abin da ke cikina," in ji Inna.

Ni ma hankalina bai kwanta ba. Amma Inna ta fi tsoron wayar gari ba haƙori, don haka ta yarda, da sharaɗin in zauna kusa da ita. "Kina jin na fara sakin baki, ki mintsine ni."

Ofishin ɗan ƙarami ne a saman wani kantin magani, da kujera mai kishingiɗa da fanka mai ƙara. Inna ta leƙa bayan labule, ta ƙi ruwan da aka miƙo mata, ta rungume jakarta. Mutumin siriri ne mai tabarau, muryarsa ta yi laushi da yawa, ni kuwa ban son haka. Ya ce ba zai tambaye ta komai ba.

"Haka kuke cewa dukanku," ta ce, sannan ta rufe ido ɗaya, can ta rufe ɗayan.

Ya ce ta ja numfashi, ta sauke kafaɗa, ta kwantar da harshe, ta bar ɗan fili tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Na kasa kunne ina jiran in kama shi da wata tambaya ta wayo, bai yi ba. Jakar ta zame kan cinyarta. Muƙamuƙinta ya sauko a hankali, na ga fuskar wata tsohuwa da ban sani ba.

"Na gaji," ta ce. "Wallahi na gaji. Wani lokaci in maigidan ya kira ni sai in yi kamar ban ji ba."

Yatsuna suna kan hannunta, amma na kasa mintsinin. Tausayinta ya kama ni, har da haushin mutumin da ya sa uwata faɗin haka a gabansa.

Muna saukowa daga bene na ce, "Inna, ba za mu sake zuwa ba. Mutumin nan ya sa ki magana cikin barci."

Ta tsaya tana gyara mayafi. "Wane barci? Ina jin ƙarar fankarsa tun daga farko har ƙarshe."

"To me ya sa kika faɗa masa?"

"Shi baƙo ne, me zai yi da gajiyata?" Ta dube ni ido cikin ido. "Ke na faɗa wa."